Yadda Na Iske Zaman Makokina a Ƙofar Gida

Assalamu alaikum, ku masu karatu da babban yatsa.

Wata baiwar Allah mai suna Awadiyya ta rubuto a ƙasan kashin da ya wuce, wai ni mugun tsoho ne mai hana 'yarsa farin ciki, har ta liƙa fuska mai kuka guda uku. Na gode, 'yata. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da nahawu, an zage ni da kurakuran da suka fi naki yawa.

Wanda ya shigo yau kuma, ga inda ake. Sunana Mainasara, a unguwar Alhilla Kuku nake zaune. Matata Hadizatu ta rasu wata goma sha huɗu ke nan. 'Yata tilo, Sakinatu, tana da manemi mai suna Zubairu, wanda da safe yake sayar da kayan waya a Kasuwar Libiya, da yamma kuma yake shirya wasan kwaikwayo a wani kulob na matasa a Umdurman. Ran Juma'a iyayensa maza za su zo neman aure. Har ran Talatar nan da zan ba ku labarinta, ban yanke abin da zan gaya musu ba.

Ban hana ba, ku rubuta wannan ku ajiye. Idon yaron ne ya tsaya mini a rai. Na ga manema a rayuwata, ni ma na yi nema. Manemi idan ya shigo gida, ƙofar da yarinya za ta fito yake kallo. Zubairu ni yake kallo. In na zuba shayi, idonsa yana kan hannuna. In na jera kofi biyu a faranti maimakon ɗaya, abin da hannuna yake yi har yau ba da shawarata ba, sai ya sunkuya kan wayarsa, yatsunsa su hau aiki. Rannan na yi tari, wallahi na ga leɓensa yana bin tarin a hankali kamar mai hadda.

"Me kake rubutawa?" na ce.

"Saƙo ne, Ustaz."

"Ga wa? Wadda ka zo dominta tana madafa, taku goma daga nan."

Ya yi murmushin nan nasa mai ladabi. Ni ladabin da ya yi yawa ban taɓa yarda da shi ba.

Da ya tafi na tsare Sakinatu, wadda take ce mini Yaba kamar yadda 'ya'yan nan suke kiran uba. "Wasan da yake shiryawa, a kan me yake?"

"Wani tsoho ne, Yaba. Matarsa ta rasu, ya rufe kansa a gida."

"Malamin makaranta?"

"Ma'aikacin jirgin ƙasa."

"Yana karatu?"

Ta goge faranti ɗaya sau uku. "Kaɗan."

Yanzu bari in gaya muku zancen gado, don ku 'yan Kano da Damagaram masu bina kuna da makara a masallaci. Mu a nan a kan angarib ake ɗaukar mamaci, gadon katako mai saƙar igiya, wanda ake kwana a kai. A shimfiɗa tabarma, a ɗora mutum, a lulluɓe, maza su saɓa a kafaɗa har maƙabarta. Sannan gadon ya dawo gida shi kaɗai.

Namu mahaifin Hadizatu ne ya sa aka sassaƙa mata a yankin Jazira, shekarar aurenmu, da guminsa na tsinkar auduga. Ƙafafunsa ja ne, ɗaya tana da tsagi tun ranar da muka ƙaura da shi a bayan motar gawayi. Tun da ya dawo daga maƙabarta na ajiye shi ƙarƙashin rumfa a tsakar gida. Ba mai zama a kai. Ni kaina a gadon ƙarfe nake kwana. Kowace safiya ina kaɗe masa ƙura kafin in wanke fuskata a randa.

Watanni biyu da suka wuce Zubairu ya ce, "Ustaz, da za ka ara mana angarib ɗin nan kwana uku, don wasanmu..."

Na ce, "A gidanku a ƙasa kuke kwana?"

Bai sake tayar da maganar ba. Wannan ma ban yarda da shi ba.

To, ran Talata. Duk Talata nakan shiga kasuwar Suk al-Arabi wajen masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a ƙasa, al'adata ce tun ina saurayi, kuma nakan kashe waya don kada a dame ni. Da safen nan sai na tarar Sakinatu ta goge mini jallabiya, ta ninke rawani, ta soya zalabiya mai zafi ta barbaɗa sukari. Ranar aiki, ba salla ba, ba baƙo.

"Yaba, kada ka yi saurin dawowa. Rana da zafi. Ka zauna wajen mai gahawar jabana har la'asar."

Wayarta ta yi motsi a kan tabarma. Kafin ta kife ta na hango kalma biyu: "Ya fita?"

Na shanye shayina, na naɗa rawani, na ce a raina, za ku ga fita. Niyyata in dawo kafin azahar in kama su. Amma na tsinci wani tsohon ƙamus da na yi shekaru ina nema, na tsaya ina duba ko shafukansa sun cika, sannan mota ta maƙale a kan gada. Sai bayan azahar na sauka a bakin layinmu.

Tun daga nan na hango rumfar zane ana kafawa a ƙofar gidana. Kujerun roba. Tabarmi, maza a jere. Daga cikin gida kuma kukan mata yana tashi, irin wanda ba a yi sai don abu ɗaya.

Masu karatu, zan faɗa muku gaskiya sau ɗaya, kada ku saba. Mutum biyu ne a gidan nan, ni kuwa ga ni a tsaye. Na dafa bango ina kiran sunan Sakinatu a raina. Ƙamus ɗin ya faɗi cikin kwata ban ko duba ba.

Jatau mai kanti, abokina tun muna yara, shi ya fara ganina. Yana riƙe da butar shayi. Butar ta faɗi.

"La'ilaha illallahu! Mainasara?"

"Wa ya mutu, Jatau? Faɗa mini!"

"Kai."

Ya taɓa hannuna, ya matsa, kamar mai sayen kifi. Sannan ya ba ni labari, jama'a suna ta tashi tsaye ɗaya bayan ɗaya.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya, in ji shi, samari huɗu suka fito daga gidana ɗauke da angarib a kafaɗa, don layinmu ya yi ƙunci, motar kaya ba ta shiga. A kan gadon sun ɗora tabarmi da labule a naɗe, sun rufe da farin zane saboda ƙura. Maƙwabciyata Sittana tana shara a ƙofarta. Ta ɗaga kai ta ga gadon Hadizatu yana fita daga gidana a kafaɗar maza, da dogon abu a lulluɓe. Ta yar da tsintsiya ta ƙwala ihu.

Sauran kun san shi, in kun san mu. Ba namijin da zai ga gawa ta gifta ya zauna. Masu shan shayi suka miƙe, tela ya bar keke, mai wanki ya fito da kumfa a hannu. Kowa yana so ya sa kafaɗa ko da taku bakwai ne, don lada. Aka ture samarin gefe, aka karɓe gadon ana salati. Suna ta ihu da Larabci cewa ba wanda ya mutu, ba mai jin su, kukan mata ya rufe komai. Da aka kai titi aka ɗora shi a bayan mota, direba ya ga mutum hamsin suna shirin hawa, ya taka mai ya gudu. Aka ce asibiti za a fara kai ni don takarda.

"Har Lawal mai gyaran rediyo ya ɗauke ka," in ji Jatau. "A gaba ma, ɓangaren kai."

Lawal, wanda shekara bakwai ba ya amsa sallamata. Yana can ƙarshen tabarma yana neman takalminsa.

"Me aka ce a kaina?"

"An ce Allah ya jiƙanka."

"Bayan wannan?"

Jatau ya sosa ƙeya. "An ce kana da littattafai da yawa."

Shekara sittin da bakwai a unguwa ɗaya. Littattafai da yawa.

Sittana ta fito, kwalli ya zubo mata har haɓa. Ta kalle ni sama da ƙasa, sai fushi ya maye gurbin kuka.

"Ustaz, wannan wane irin wulaƙanci ne? Na kira 'yan'uwanka na Madani, suna hanya! Na ɗora tukunya biyu ta waken adas! Wa zai ci?"

"Ina Sakinatu?"

"Ta fita tun kafin gadon, wayarta a kashe. Mun ce ko ta riga ka asibitin ne."

Na ratsa mata na shiga tsakar gida. Ƙarƙashin rumfa babu komai sai gurbin ƙafafu huɗu a ƙasa, da murabba'in wuri mai tsabta a tsakaninsu. Na kunna wayata: kira arba'in da bakwai, da saƙo ɗaya daga 'yata tun da hantsi. "Yaba ka ci abinci a can, kada ka zauna da yunwa." Da hoton zuciya ja.

Na tari tasi zuwa Umdurman. Direban yana ta hira a kan tsadar taya, ni ina shirya kalmomina. Na shirya su da kyau, aikina ne.

Kulob ɗin wani fili ne mai katanga, da dandamalin siminti a ƙarshensa. La'asar ta yi sanyi. Ga gadon a kan dandamali, ƙafar nan mai tsagi tana fuskantar jama'a. Wani saurayi, daga baya na ji sunansa Jibirin, ya shafa alli a gemu, ya sa tabarau irin nawa, ya baje a tsakiyar gadon. Gefensa faranti da kofi biyu. Ya ɗago, ya yi tari. Tarina ne, har da ɗan tsayawar nan ta tsakiya. Sakinatu tana zaune a kujerar gaba da takardu a cinya, Zubairu yana tsaye yana nuna masa inda zai sa hannu.

"Sauka daga gadon nan."

Ban ɗaga murya ba. Malamin da ya san aikinsa ba ya ɗagawa. Jibirin ya diro har tabarau ya faɗi.

"Yaba!" Sakinatu ta miƙe, takardu suka watse.

"Daga zaman makokina nake. Ana gaishe ku. Sittana ta dafa adas."

Zubairu ya dafe kai. "Ustaz, wallahi mun yi ta faɗa musu. Na leƙo ta tagar mota ina ihu, na ɗauka sun gane..."

"Kai ne ban gane ba, sai yau. Wata tara kana shiga gidana da sunan nema, ashe awo kake yi kamar tela. Ka ɗauki tarina. Ka ɗauki kofina. Yau ka ɗauki gadon da aka kai matata kabari a kai, ka kwantar da wannan mai alli. 'Yata ƙofa ce kawai, ka bi ta ciki ka shigo. Ka gaya wa iyayenka ran Juma'a kada su wahalar da takalmansu."

Na ji daɗin jimlar. Ta fita yadda na shirya ta a tasi.

"Ni na buɗe musu gida," in ji Sakinatu. Ba ta sunkuyar da kai ba. "Ni na ce su ɗauka. Wata goma sha huɗu, Yaba, kowace safiya kana kaɗe gadon nan kafin ka amsa gaisuwata. Dube ni. Wane tob ne a jikina?"

Na duba. Mayafi ne mai launin ruwan zuma da ɗigon fari, bakinsa da zare mai ƙyalli, gefe ɗaya da ɗan ɗinkin da garwashin turare ya jawo. Tob ɗin Hadizatu, wanda ta sa ranar sunan Sakinatu. Tun safe yake jikinta. Da shi ta zuba mini shayi, da shi ta miƙo mini rawani. Ni kuwa wayarta nake leƙe.

Na gyara rawanina. Kada Awadiyya ta yi murna, ba kunya ce ta kama ni ba, kalma nake nema.

Zubairu ya matso, ya ciro wayarsa da hannu biyu. "Ustaz, ba ni na fara tunanin gadon ba. Hajja Hadizatu ce ta ce in ɗauka."

"Ƙarya. Bayan arba'in ɗinta ka fara taka gidana."

"Da saninka, e. Ta zo rumfata da Sakinatu sayen caja, tun ciwon bai kwantar da ita ba. Ta tambaye ni 'yan wane gari ne kakannina, muka yi ta hira. Da ta kwanta sai ta ce in riƙa zuwa in sha jabana." Ya dube ni. "Ran Talata."

Ran Talata. Ina can durƙushe ina hura ƙurar littattafan matattu, matata tana gida tana shayar da baƙo jabana a kofina.

"Talata nawa?"

"Goma sha ɗaya."

"Me ta gaya maka?"

"Yadda kake tari in kana so a tambaye ka abin da kake karantawa. Yadda ka yi wata uku ba ka yi wa ƙaninka magana ba saboda wasali ɗaya. Ita ta ce in rubuta wasa. Ta ce ba ka jin magana sai in a littafi take ko a bakin wani." Ya miƙo wayar. "Ta bar maka saƙon murya. Ta sa na rantse ba zan kunna maka ba sai ranar da gadon ya fita daga gida. Na roƙi aro, ka ce a ƙasa muke kwana."

"Ni kuma na ce ba za a nemi aurena ba sai ka ji shi," in ji Sakinatu. "Juma'a saura kwana uku. Me kake so mu yi?"

A fuskar wayar ga ɗan layi, ga lamba: minti huɗu da daƙiƙa goma sha biyu. Ga kwanan wata, sati biyu kafin rasuwarta.

"Ku 'yan wasa ne," na ce. "Wanda ya iya satar tari zai iya satar murya."

"To ka ji, ka kama mu."

Ƙafafuna sun gaji tun bakin layinmu, kuma babu kujera a kan dandamalin. Na hau matakala uku na zauna a kan gadon, karo na farko tun da ya dawo. Igiyar ta yi ƙara irin wadda na sani. Sai da na zauna na lura a baki na zauna, ɓangaren hagu, na bar mata wajenta. Na kalli Zubairu in ga ko zai rubuta. Hannunsa wayam, wayar tana wajena.

Na danna.

Fanka ce ta fara, tamu, mai ƙwanƙwasa a kowane zagaye. Sai ƙarar awarwaro. Sai numfashi.

"Malam. In kana jin wannan, to gadon ya fita, kuma ka biyo shi da ƙafarka. Na san ka. Da yarinyar ce ta fita, ba za ka lura ba sai magariba."

Na tsayar. Daƙiƙa goma sha ɗaya.

Ba wanda zai iya kwaikwayon yadda take cewa Malam, rabi girmamawa rabi tsokana. Shekara talatin da huɗu ban taɓa tantance wanne ya fi yawa ba.

Na sa Zubairu ya cire kullen wayar, na jefa ta aljihun jallabiya.

"Ustaz, wayar sana'ata ce..."

"Ka zo ka karɓa ran Juma'a."

"Ni kaɗai?"

"Ka zo da waɗanda za su iya magana da ni. Ban ce na yarda ba. Sai na ji me ta faɗa a kanka, da abin da ta faɗa maka a kaina."

"Gadon fa?" in ji Sakinatu a hankali.

"Kwana uku ya roƙa. In zai dawo, a kwance shi gunduwa-gunduwa, kada a sake kashe ni." Na juya ga Jibirin, wanda yake ta goge allin gemunsa. "Kai kuma, ka daina bajewa a tsakiya. Mutumin da ya yi shekara talatin da mace a baki yake kwana, ko bayan ta tafi."

Mun dawo tare a tasi, ni da Sakinatu. 'Yan'uwana na Madani sun iso, sun yi kuka, sun yi fushi, sun ci adas. Lawal ya amsa sallamata, da ƙyar.

Yau Laraba. Ina zaune ƙarƙashin rumfa kusa da gurbin ƙafafun nan huɗu. Wayar tana kan faranti, gefen kofi na biyu. Saura minti huɗu da daƙiƙa ɗaya, kuma matar da ta ɓoye mini Talata goma sha ɗaya ban san me kuma ta tanada ba. Tun safe masu neman caja suke kira ina kashewa.

Yanzu wayar ta yi motsi. Sunan da yaron ya sa wa 'yata a wayarsa ba zan rubuta shi a nan ba, akwai kuskuren nahawu a ciki. Tana madafa, taku goma daga inda nake. Ga abin da ta rubuto:

"Yaba, na san tana hannunka. Shayin Inna ya huce. Ka kunna."